Gurbi na Huɗu a Fom ɗin Auta

Ina godiya ga shugabannin wannan zaure da suka ba ni filin wannan mako. Gajeren labari na yi niyyar kawowa, sai wani abu ya faru a gidanmu cikin watan jiya da ya hana ni sukunin ƙirƙirar komai. Shi zan ba ku yadda ya faru, kuma sai da na nemi izinin mutanen gidan kafin in rubuta.

Duk wanda ya taɓa cike fom ɗin JAMB ya san darussa huɗu ake zaɓa, maki 400 ke nan gaba ɗaya. Turanci dole ne, ba a neman ra'ayinka. Ga yawancin ɗaliban kimiyya, Fiziks da Kemistiri su ma sun zauna daram. Rigimar tana gurbi na huɗu. In ka sa Bayoloji, ka nufi likitanci ko haɗa magunguna ko aikin jinya. In ka sa Lissafi, ka nufi injiniyanci. A kan wannan gurbi guda ɗaya gidanmu ya yi kusan mako uku ana cin tuwo ba hira.

Mu mutanen Haɗeja ne. Baba busasshen kifi yake sayarwa, yana kuma kai wa abokan cinikinsa a Kano. Yana karanta Alƙur'ani, yana rubuta lissafin bashinsa da ajami, amma boko ba a sa shi ba. A 2016 da na kai ajin ƙarshe na sakandare, shi da kansa ya riƙe hannuna zuwa shagon intanet, don a lokacin a kafe ake cike fom. Ya zauna a benci ya ce wa yaron shagon, "Sa masa likita, a Kano." Yaron ya ɗago ya dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai. Na ci 187. Shekara ta zagayo na ci 203, ta sake zagayowa na ci 211, kuma duk wanda ya san yadda ake turmutsutsu a ƙofar likitanci ya san ko kusa ban je ba. Kowace shekara kuɗin fom da na lesin daga cikin kwalin kifi suke fita. Abin da ban taɓa faɗa wa Baba ba shi ne, a cikin littafin Kemistirin da yake gani na rungume har tsakar dare, littafin Hausa ne a ɓoye.

A ƙarshe Kawu, wanda malamin firamare ne, ya ce a daina wahalar da yaro, a kai shi foli. Na yi difloma a fannin aikin ɗakin gwaje-gwaje. Yanzu ina wani ɗan ƙaramin shagon gwajin jini a cikin gari. Da yake a wurin mutanenmu duk mai farar riga likita ne, 'yan unguwa "Dakta" suke ce min. Baba bai taɓa kirana da haka ba, bai kuma taɓa yi min gori ba. Shiru kawai ya yi da maganar, ya ɗauki burinsa ya ɗora a kan autarmu.

Tun tana ƙaramar sakandare yake kiranta Likita. In ya dawo daga Kano da tsaraba, sai ka ji shi tun daga zaure, "Ina Likita?" Matsalar ita ce Auta 'yar mai kifi ce amma ko tarwaɗa ba ta iya feɗewa. Wata Babbar Salla da aka sa ta riƙe ƙafar rago, sai da aka yayyafa mata ruwa. Amma a lissafi, kafin Baba ya gama jawo ƙwayoyin carbinsa ta faɗa masa ribar kwali goma sha biyu. A daminar 2022 da ruwa ya tasar wa garin, maza suka yi ta kwana a bakin jinga suna jera buhunan ƙasa, ita tana 'yar shekara 14 ta ishe kowa da tambaya. Me ya sa ruwan da aka tare a Tiga da Challawa yake zuwa ya ci mu? Me ya sa kacalla ta toshe hanyar kogi har ruwa ya rasa inda zai bi sai gonakin mutane? Me ya sa kowace shekara a wuri ɗaya titi ke yankewa? Malaminsu na Fiziks ne ya gaya mata cewa waɗannan tambayoyin karatu ne guda a jami'a. Tun daga ranar zuciyarta ta tafi can, amma ba ta faɗa wa kowa ba sai ni.

Da aka buɗe sayar da fom, na tura lambar NIN ɗinta zuwa 55019, lambar rajista ta fito, saura zuwa cibiyar kwamfuta a cike. A daren ta shigo ɗakina ta tsuguna a bakin ƙofa.

"Yaya, wata alfarma zan roƙa. Baba ai ba ya karanta boko, kuma kai za ka raka ni. A sa min Lissafi. In sakamako ya fito sai mu ce makin ne bai kai ba aka canza min kwas."

Na amince nan take. Na gaya wa kaina cewa ceton ƙanwata zan yi daga ramin da na faɗa. Yanzu da na natsu na gane akwai wani abu a ƙarƙashi: ina jin haushin shekaru ukun nan nawa, kuma ina so ko sau ɗaya a yi abin da Baba bai so ba.

Inna ce ta kama mu. Ba ta yi boko ba ita ma, amma ta san littafi mai hoton ƙashin mutum, ta kuma lura kwana biyu yana ajiye a kan taga ƙura na hawa. Da safe ina shan koko ta zauna kusa da ni, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Abin da kuke ƙullawa kai da ƙanwarka, ku kwance shi. Mutumin nan da warin kifi a jikinsa ya sa ku a makarantar da shi ba a sa shi ba. Ilimin da ya saya muku ba za ku mai da shi makaho da shi a cikin gidansa ba. In kana da magana, je ka same shi."

Kokon nan ban iya ƙarasa shi ba.

Bayan sallar isha na same shi a tabarmarsa a tsakar gida yana jin rediyo. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce Auta ba ta son likitanci, injiniya take so, kuma ina tsoron kada ta ɓata shekaru kamar yadda na ɓata. Ya rage muryar rediyon.

"Kai da ka kasa, shi ne za ka zo ka kashe mata gwiwa?"

Shekara tara ina jiran wannan kalma daga bakinsa, da ta zo kuma sai ta fi yadda na zata zafi. Na ce, "Baba, na kasa. Amma tun farko ban so ba, tsoron faɗa maka na ji." Ya daɗe yana kallona kamar wani baƙo ne ya shigo masa gida. Sannan ya ce, a hankali, "Ka san dalilin da ya sa nake son likita a gidan nan."

Na sani. Kowa a gidan ya sani, ba a dai faɗa. Muna da babbar yaya, 'yar farin Inna, wadda aka aurar wani ƙauye a ƙasar Guri. A daminar 2012, shekarar babbar ambaliya, naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare. Ruwa ya yanke hanyar garin. Aka ɗauko ta a amalanken shanu zuwa bakin ruwa, aka jira gari ya waye aka sami kwalekwale, aka tsallaka, aka nemi mota. Ba ta iso asibiti da rai ba, ita da abin da ke cikinta. Ina shekara 14 a lokacin, Auta tana da huɗu. Tun daga ranar Baba ya ƙudurta sai ya haifar wa mata likita.

Inna tana bakin murhu tana jin mu. A al'adarmu uwa ba ta kama sunan 'yar fari, kuma tun rasuwar ban taɓa jin ta ɗauko zancen ba. A daren nan ta yi magana.

"Malam, yarinyar nan ni na je na wanke ta. An ce mana akwai ma'aikata a asibitin a daren, suna nan har safe. Hanyar zuwa wurinsu ce babu."

Baba ya ce, "Kwananta ne ya ƙare."

Ta ce, "Haka ne, Allah Ya sa ta huta. Amma kai ma ai sababi kake nema da kake son likita. Wannan yarinya ita ma sababi take nema, ta wata ƙofar."

Bai amsa ba. Ya naɗe tabarmarsa ya shiga ɗaki. Kwana uku in mun gaishe shi sai ya amsa da "lafiya" kawai, ya fice kasuwa tun kafin a sauke koko. Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura, tana cewa ita ta haƙura, a sa Bayolojin. Ni kuma ina ta lissafin ranar rufe rajista.

Rana ta huɗu ya aika a kira ta, ya ce ni ma in zo. Na zaci hukunci zai yanke. Sai ya yi mata tambayoyi uku. Wannan karatu, in an gama, wane ne yake ɗaukar mace aiki a kansa, kuma cikin leburori za ta wuni a rana ko kuwa yaya? A wane gari ake yinsa, kuma a hannun wa za ta zauna? Shekara nawa ne, kuma nawa zai ci?

Mu da muke ganin mu ne 'yan boko, ko ɗaya ba mu iya amsawa da kyau ba. Auta ta san abin da take so, ni na san abin da nake gudu, amma babu wanda a cikinmu ya taɓa zama ya yi lissafin kuɗin mota daga Haɗeja, ko ya tambayi inda injiniyan ruwa yake aiki. A nan na fara jin kunyar yadda na ɗauki Baba. Ya ba mu mako guda mu kawo amsa.

Muka shiga bincike. Malamin Fiziks ya buɗe mana kundin JAMB na kwasa-kwasai, inda aka jera darussan da kowane kwas yake buƙata a kowace makaranta. Injiniyanci shekara biyar ne, likitanci shida, in ba a shiga yajin aiki ba, don kowa ya tuna yadda jami'o'in gwamnati suka yi wata takwas a rufe a 2022. Sai an sami kiredit biyar a WAEC ko NECO, da Turanci da Lissafi a ciki. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashe guda na injiniyancin albarkatun ruwa da muhalli, wanda shi ne ainihin abin da Auta take mafarki. Jami'ar Bayero tana da injiniyancin gine-gine, na tituna da gadoji da madatsun ruwa, haka ma Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil. Wuraren aiki kuwa akwai ma'aikatun ayyuka da na ruwa, da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da kamfanonin gine-gine, da koyarwa, kuma kaso mai yawa na aikin zane ne da lissafi a ofis. Muka kuma gaya masa zancen bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, wanda babu kuɗin ruwa a kansa. Ya ce a ajiye wannan tukuna, shi bai saba aurar da 'ya da bashi a wuyanta ba, amma ya ji.

Zariya ce ta jawo rigima ta biyu, kuma wannan karon Inna ce ta kafe. Ita da ta tsaya wa Auta a kan kwas, ita ce ta ce ƙafarta ƙafar 'yarta, ba za ta je garin da ba mu da kowa ba. Tun da ta ji a rediyo labarin ɗalibai mata da 'yan bindiga suka kwashe daga gidajen haya kusa da jami'ar tarayya ta Gusau a watan Satumban 2023, ta sa wa ranta cewa 'yarta ba za ta kwana a gidan haya ba a ko'ina. Muka ce mata Zariya daban Gusau daban, kuma akwai ɗakunan kwana a cikin makaranta. Ta ce in ba a samu gado ba fa? In ta kwanta ciwo cikin dare, wa za a buga wa? A Kano akwai Gwaggo, ƙanwar Baba, a Rijiyar Zaki, kusa da sabuwar jami'a. Auta ta roƙa, ta yi fushi, ta ƙi cin abinci, Inna ko gezau. Har yau ina ganin da an bar ta ta nemi Zariya. Amma ba ni na yi naƙudarta ba, kuma ba ni na binne 'yar fari ba.

Baba dai bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da ranar kai kaya Kano ta zo, sai ya ce Auta ta shirya ta bi shi. Suka sauka a gidan Gwaggo. Washegari bayan ya sallami abokan cinikinsa, ya sa ɗan Gwaggo ya kai su sabuwar jami'a a titin Gwarzo. Auta ta ce min sai da ya sa aka nuna masa ɗakunan kwanan mata daga waje, da masallaci, da asibitin makaranta, ya tambayi kuɗin adaidaita daga ƙofar makaranta zuwa gidan Gwaggo, ya rubuta da ajami a bayan takardar cinikinsa. A wajen tsangayar injiniya suka tarar da ɗalibai a fili suna awon ƙasa da na'urar nan mai ƙafa uku. Akwai mata biyu a ciki, da hijabansu har ƙasa, ɗaya tana leƙa na'urar tana faɗa wa maza lamba suna rubutawa. Ta ce Baba ya tsaya a gindin bishiya yana kallonsu har sai da ɗan Gwaggo ya ce rana tana yi. Gani ya kori ji.

Ranar cike fom ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ce da shi za a je. Yanzu ba a yi a kafe, sai a cibiyar da JAMB ta amince da ita, ga layi har bakin titi. Muka jira fiye da awa biyu. Da aka zo kanmu aka ɗauki hoton yatsunta, aka sa Bayero a zaɓi na farko, aka sa Wudil, sannan na dage aka cike gurbin foli da Kazaure. Na gaya wa Baba dalili: wanda ya yi difloma da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, kuma da an nuna min wannan ƙofar a 2016 da ban zauna shekara uku a gida ba. Sai ma'aikacin ya ce, "Darasi na huɗu fa?" Ya dubi Baba, don shi ne babba a wurin. Ni ma shi na duba. Baba ya juya wajen Auta.

"Faɗa masa."

Muryarta na rawa ta ce Lissafi.

Ba zan ce muku Baba ya yi farin ciki ba. Har yau in ya shigo da tsaraba yakan fara "Ina Liki…" sai ya katse, ya ce "Ina Auta?" Duk lokacin da ya yi haka sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji, don na san abin da ya ajiye ba ƙarami ba ne. Jarrabawar ma ba a yi ba tukuna. Tana iya cin makin, tana iya faɗuwa, gurbin yana iya samuwa ko ya ƙi. Abin da na sani shi ne in ta faɗi, a kan abin da ta zaɓa ta faɗi, kuma babu ƙaryar da za mu yi ta gadi har ƙarshen rayuwar mahaifinmu.

Na daɗe ina jin matasa a zaurukan nan muna cewa iyaye su daina tilasta wa 'ya'ya kwas, kuma gaskiya ne, ni shaida ne. Amma wannan wata ya nuna min ɗaya gefen. Tambayoyi ukun da Baba ya yi, da sharaɗin Inna, babu malamin da ya taɓa yi mana su, kuma su ne suka mai da mafarkin Auta abin da za a iya taka shi. Iyayenmu da yawa ba su san bambancin kwas da kwas ba, sunan likita da lauya da injiniya kawai suka sani, amma sun san kuɗi, sun san hanya, sun san mutane, sun kuma san 'ya'yansu. Mu yayye da muka ɗan leƙa makaranta, aikinmu mu fassara musu abin da ke cikin fom tsakani da Allah, mu kuma fara zancen tun yaro yana shirin shiga SS1, lokacin da ake raba 'yan kimiyya da 'yan adabi, don a nan ake fara rufe ƙofofi. Ni a nan aka rufe tawa, kuma ban buɗe baki ba.

A hanyarmu ta dawowa daga cibiyar, Auta ta yi gaba, ni da Baba muna tafe a baya. Mun kusa gida sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai fa, me ka so ka karanta?"

Na ce, "Hausa, Baba."

Ya tsaya cak. "Hausar da ka tashi da ita a bakinka?" Ya yi dariya har da riƙe haɓa, irin dariyar da na daɗe ban ji ba. Muka ci gaba da tafiya. Sai da muka kai ƙofar zaure ya ce, "Ita ma ana yinta a jami'a?"

Na ce ana yi, a Bayero akwai sashen harsunan Nijeriya, har digiri na uku ana yi.

Ya cire takalminsa, ya ce, "To." Ya shige.

Ban san abin da "to" ɗin nan take nufi ba, ban kuma tambaya ba tukuna.

Ina roƙon 'yan uwa ku sa Auta a addu'a, ita da duk yaranmu da za su zauna jarrabawar bana. Allah Ya jiƙan Yayarmu da sauran waɗanda suka riga mu, Ya saka wa iyayenmu da alheri. Waɗanda kuma suka taɓa tsayawa a irin wannan gurbi, ko a matsayin ɗa ko a matsayin uba ko uwa, ina so in ji yadda ta kaya a gidanku.